Iyo ne ke ba ni wahala a shirin tirayatalon: shawarwarin 'yan zauren Kebbi

Nasiru, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shirin shiga gasar tirayatalon, gajerar nan: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Keke da gudu ba su dame ni ba. Ruwa ne matsalar. Mita 50 kawai ƙirji ya cika, ƙafafu su nutse. Saura wata huɗu. Ta ina zan fara?

Malam Bello, Argungu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ƙarfi ka rasa ba. Mai iya gudun kilomita 5 huhunsa lafiya lau yake. Riƙe numfashi kake yi in fuskarka na cikin ruwa, in ka juyo kuma kana son fitar da tsohuwar iska ka shaƙi sabuwa a lokaci ɗaya, lokacin ba ya isa. Gurɓatacciyar iskar da ta taru a jiki ita ke sa ka ji kamar an shaƙe ka.

Ka tsaya inda ruwa ke iya ƙirji, ka riƙe bakin kwamin iyo. Sa fuska a ruwa, ka fitar da iska ta hanci a hankali kana gunji, har ka ji kumfa na bin gefen kuncinka. Juya kai gefe, ka shaƙa da baki, ka koma. Sau 20, ka huta, sau 20 kuma. Minti goma na farkon kowane atisaye ke nan har sati biyu. In ka juya, ido ɗaya ya zauna cikin ruwa. Da zarar idanu biyu sun fito, ka ɗaga kai da yawa.

Hajiya Luba: Nutsewar ƙafa ma daga kan take, Nasiru. Jiki a ruwa kamar sikeli yake, kai ya ɗaga, ƙugu ya sauka. Ka kalli ƙasan kwami, ba bangon gabanka ba, ka ɗan danna ƙirji cikin ruwa. 'Yan gudu da 'yan keke kuma idon sawunsu a ƙage yake, sai su riƙa tuƙa ƙafa kamar suna kan feda. Bugun ƙafa daga ƙugu yake fitowa, ƙanana, gwiwa a sake, yatsu a miƙe. Kullum bayan sallar isha'i ka durƙusa ka zauna kan dugaduganka, bayan ƙafa a shimfiɗe a tabarma, minti biyu. Yana sassauta idon sawu.

Nasiru, Birnin Kebbi: Na gode Malam, na gode Hajiya. To kwamin da nake samu na otal ne, gajere ƙwarai.

Injiniya Sani, Jega: Fara auna shi da tef, kada ka yi kirdado. In mita 15 ne, mita 750 tsawo 50 ke nan. In mita 25 ne, tsawo 30. Gajeren kwami yana yaudara, domin duk isa bango kana samun hutu da tunkuɗa kyauta, ranar gasa kuwa babu bango. Ka taɓa da yatsa ka juya, kada ka rataya.

Wata dabarar: tsofaffin tub ɗin keke biyu, ka ƙulla su, gefe ɗaya a tsanin kwami, ɗayan a igiya mai faɗi a ƙugunka. Sai ka yi ta iyo a wuri ɗaya, minti uku, hutu daƙiƙa 30, sau biyar. Ka duba tub ɗin ko ya tsattsage, in ya tsinke yana da zafi.

Zuwa sau uku a sati na minti 40 ya fi zuwa ɗaya na awa biyu. Hannu na manta ruwa da wuri.

Malam Bello, Argungu: Injiniya, tub ɗin sai bayan numfashi ya daidaita. Wanda ke fama da shaƙa in ka ɗaure shi, kokawa da ruwa zai ƙara koya. Ya jira wata na biyu.

Tsarin da zan ba shi a wata na farko: ɗumama jiki mita 100, bugun ƙafa a kwance ta gefe, hannu ɗaya a miƙe gaba, mita 25 sau shida, iyo da dunƙulen hannu mita 25 sau huɗu, don damtse da sangalin hannu su koyi kama ruwa, sannan mita 50 sau takwas, hutu daƙiƙa 20 tsakani. Ya riƙa ƙirga jan hannu a kowane tsawo. In adadin ya fara hawa da uku ko huɗu, salo ya lalace, ya tsaya ya huta. Hannu kuma kada ya ƙetare tsakiyar kai in zai shiga ruwa, shi ke sa jiki karkacewa kamar maciji, shi ke cin kafaɗa.

Ran da ya iya mita 400 ba tsayawa, ya auna kansa: mita 400 da iyakar ƙoƙari, hutu sosai, sai mita 200. A cire lokacin na biyu daga na farko, a raba biyu. Misali minti 9 da minti 4 da daƙiƙa 10, bambanci daƙiƙa 290, rabi 145. Wato minti 2 da daƙiƙa 25 a kowace mita 100, da wannan saurin zai riƙa atisaye.

Abdullahi, Yauri: Yaya Nasiru, gasar a buɗaɗɗen ruwa, kogi ko tafki, ake yinta galibi, kuma can babu layi a ƙasa da za ka bi kamar a kwami. Ka koyi duba hanya tun a kwami: bayan jan hannu shida zuwa takwas, ka fito da idanu kawai kamar kada, ka maida, sannan ka juya gefe ka shaƙa. Kada ka haɗa dubawa da shaƙa, ƙugu zai nutse. Ka zaɓi babban abu a tudu, bishiya ko hasumiyar masallaci.

Amma don Allah kada kowa ya ce zai gwada kogin Neja shi kaɗai. A nan akwai dorina, akwai kalli da mamari da masunta ke kafawa ba ka ganinsu daga sama, ƙugiya ɗaya ta isa. Agusta zuwa Oktoba ruwa ya cika yana ja, ba lokacin shiga ba ne. Sai da izinin Sarkin Ruwa, da kwalekwale yana binka gefe da rigar ceto a ciki.

Malam Bello, Argungu: Haka yake a kogin Matan Fada, nan Argungu. Waɗanda kake gani suna kabanci, wato wasannin ruwa, lokacin bikin kamun kifi, cikin ruwan suka tashi, sun san kowane gurbi.

Hajiya Luba: Ku ƙara da tsargiya. Ƙwayar cutar daga ƙananan katantanwan ruwa take fitowa, ta fata take shiga, kuma ta fi yawa a bakin ruwa mai ciyayi inda ba ya gudu, irin fadamun shinkafa da madatsai. Wanda ya shiga irin wannan ruwa ya je asibiti a gwada fitsari da bahaya, kada ya jira ganin jini. Maganinta praziquantel ne, bisa nauyin jiki ake bayarwa, likita ke rubutawa. Kwamin otal ma in ba ka ganin ƙasansa, kada ka shiga.

Ga 'yan uwa mata da ke zauren: rigar iyo mai rufe jiki duka tana nan, amma a sayi wadda ta zauna a jiki. Mai faɗi tana kwasar ruwa, tana jan mutum baya, tana iya naɗe ƙafa.

Nasiru, Birnin Kebbi: Kayan aiki fa? Na ga Turawa da baƙar rigar roba.

Injiniya Sani, Jega: Bar kuɗinka. Ta ruwan sanyi ce, kuma a dokar hukumar tirayatalon ta duniya, a irin tazararka, an hana waɗanda ba ƙwararru ba sa ta in ruwa ya kai digiri 22. Namu ya fi haka mafi yawan shekara. Tabarau na ruwa kake buƙata: ka manna shi a ido ba tare da igiya ba, in ya kama na daƙiƙa biyu ko uku, daidai fuskarka ne. Ɗigon sabulun wanke kan jarirai a ciki, a ɗauraye, yana hana hazo. Sai hular roba mai kalar haske, don mai kwalekwale ya gan ka.

Abdullahi, Yauri: Ranar gasa ya tsaya gefe ko baya wajen tashi, ya ƙirga biyar kafin ya faɗa, ya tsira daga shuri. In tsoro ya kama shi, ya juya rigingine ya numfasa. Mita 100 ta ƙarshe ya ƙara bugun ƙafa don jini ya sauko, in ba haka ba jiri ke ɗibar mutum da ya miƙe zai nufi keke.

Nasiru, Birnin Kebbi: Allah ya saka da alheri. Gobe zan tafi da tef. Malam, bugun ƙafa ta gefen nan, fuska a ruwa take ko a waje?

Malam Bello, Argungu: A ruwa, tana kallon ƙasa, kunci manne da kafaɗar hannun da ka miƙa. Ka juyo ka shaƙa in ka buƙata, ka canza gefe kowane tsawo.