Tiyata ko gyara? Neman sunan Hausa ga aikin da ake yi wa ƙwayar gado

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin lafiya kan sabon maganin sikila, kuma tun jiya wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro. Turawa suna cewa "gene editing". Na juya ta ta ko'ina har sanyin Jos ya kore ni daga tebur zuwa cikin bargo, ban samu abin da zan faɗa wa mai sauraro a Gangare ko Unguwar Rogo ya gane ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Ga labarin. A Nuwamban 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta bi sahu a Disamba, Saudiyya kuma a Janairun 2024. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai sikila, a kai su ɗakin gwaji, a yi musu wannan aikin da na rasa sunansa da fasahar CRISPR, wadda ke datse DNA kamar almakashi, sannan a mayar masa da su. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ciwon bai yi musu mummunan tashi ba. Kuɗinsa a can dala miliyan 2.2 ne, kada ma wani ya tambaye ni nawa ke nan a naira.

Abin da muka saba ji a rediyo shi ne "sauya ƙwayoyin halitta", ni kuwa ba na son sa. Da ka ce "sauya halitta", kunnen Bahaushe ya tafi ayar nan ta Suratun Nisa'i inda Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane su canza halittar Allah. Uwar da ta kwana tana gasa wa ɗanta ƙafa da ruwan zafi ba za ta jira bayanin likita ba, ta riga ta kashe rediyon. Ku taimaka.

Ɗalibar Kimiyya: Wa'alaikumus salam Yaya. Kafin a kai ga aikin, a fara raba abin da ake yi wa aikin. Mun mayar da "ƙwayar halitta" jakar magori: sel ita, jin ita, DNA ma ita. Alhali sel ɗaki ne, DNA kuma doguwar takarda ce da ke ajiye a cikin ɗakin, mai baƙaƙe kusan biliyan 3, duk da haruffa huɗu kacal aka rubuta ta: A, C, G da T. Jin kuwa sadara ce a cikin takardar, wadda ke ɗauke da umarnin haɗa abu guda. Masu ba da umarnin haɗa furotin sun kai kusan 20,000. Ni dai da za a bi tawa, a ari kalmar kawai a ce "jin", yadda muka ari kwamfuta babu wanda ya mutu.

Baba Malam: Ɗiyata, aro ba laifi ba ne, amma ana duba gidan da baƙo zai sauka. Gidan "jin" a Hausa cike yake: ga jin magana, ga jini, ga jinsi, ga jinnu a gefe yana leƙe. Ki ce wa tsohuwa za a yi wa jikanta "gyaran jin", gobe ki same ta a layin likitan kunne. Bar wa sel sunan ƙwayar halitta tunda ya zauna, shi kuma wancan mu ce "ƙwayar gado", don abin da ya bambanta shi ke nan: rabi daga uwa, rabi daga uba. Ba ni na ƙirƙira ba, na sha jin ta a bakin masu fassara, kawai ba a tsaya a kanta ba ne.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. To aikin fa? "Gyaran gado"?

Tela na Terminus: Yallaɓai, wannan kuma kafinta za a kira maka, ko amarya da safe.

Baba Malam: Ya yi gaskiya. A baki karin sauti yana raba gadon kwana da gadon iyaye, a rubuce kuwa sak suke. Kalmar "ƙwaya" ba ta faɗuwa, ko da sunan ya yi tsawo. Gyaran ƙwayar gado.

Anti Nas: Baba, a yi mini afuwa in shigo. Na shekara da shekaru a ɗakin yara, kuma duk lokacin hunturu irin wannan na san waɗanda za su cika mana gadaje, don sanyi yana tayar da ciwon. Ina jin tsoron kalmar "gyara". Mutanenmu idan suka ji an gyara, sun ɗauka an gama, kamar an kai babur gareji an karɓo. Ba haka abin yake ba. Kafin a mayar wa mutum ƙwayoyinsa sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda zai share tsohon ɓargon, ya yi makonni a asibiti garkuwar jikinsa a ƙasa, kuma maganin yana iya hana shi haihuwa. Sai wanda ya kai shekara 12 aka amince a yi wa a farko.

Babbar damuwata ma tana kan haɗuwar "gyara" da "gado". Wanda aka yi wa wannan aikin, idan Allah ya ba shi haihuwa, S ɗin nan zai ba ɗansa kamar kowane mai SS, domin ƙwayoyin jini aka taɓa, ba na haihuwa ba. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma har yanzu muna roƙon masoya su yi gwajin jinotayif kafin a kai kuɗin aure, ba na son saurayi ya ji rabin magana a rediyo ya ce ai yanzu Turawa suna gyara gado. Ni "tiyata" na fi so. Tiyatar ƙwayar gado. Kowa ya san tiyata akwai yanka, akwai haɗari, likita ke yi, kuma wanda aka yi wa tiyatar ƙaba ba ya ɗauka an yi wa ɗansa. Malamanmu ma ba su hana tiyata ba.

Ɗalibar Kimiyya: Anti ta taɓo wani abu da na so in faɗa na ji nauyi. Sikila harafi ɗaya ce. A ƙwayar gadon da ke haɗa himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, inda ya kamata a ga GAG sai aka ga GTG, shi ke nan. Wannan harafin ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe hanya, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. To Casgevy ba ya ma zuwa kusa da wannan harafin. Jariri a ciki yana da nasa irin himogulobin ɗin da ba ya lanƙwashewa, bayan haihuwa sai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ta kashe shi. Abin da ake yi shi ne a aika almakashin CRISPR mai suna Cas9 ya datse wurin da ke ba BCL11A ƙarfi a cikin ƙwayoyin jini, sai himogulobin na jarirantaka ya dawo aiki. Kuskuren yana nan daram, hanya kawai aka zagaya masa.

Anti Nas: Shi ya sa kenan ba ma ganin su sai sun kai wata biyar ko shida, hannu da ƙafa su fara kumbura. Ikon Allah. To kin ga, ina gyara a nan?

Tela na Terminus: Anti, ni ban san boko ba, amma gyara sana'ata ce. Idan aka kawo mini riga aka ce a yi gyara, ba lallai ne ɗinkin farko ya yi kuskure ba. Wani rage wuya yake so, wani a saki ƙugu, wani a toshe aljihu gaba ɗaya. Almakashi nake sa wa, in farke, in mayar. Duk gyara ne. Kuma wa ya ce gyara kullum alheri ne? Ba mu da gyaran gangar Auzinawa?

Baba Malam: Madalla da tela. Ka tuna mini da allo. Yaro ya yi satu, ya kawo, malam ya duba ya kankare harafi ya sa wani, ba a wanke allon duka ba. Wancan harafin na sikila kuma, da ni ne, "tuntuɓen alƙalami" zan kira shi, tunda wajen kwafe rubutun ne irin wannan sauyi ke aukuwa.

Ɗalibar Kimiyya: Baba, irin na allon ma an fara yi wa mutane. A Mayun 2025 likitoci a Filadelfiya ta Amurka suka ba da labarin jaririn da aka haifa da wata cutar hanta ta gado, aka haɗa masa magani nasa shi kaɗai wanda ke musanya harafi guda. Gangar Auzinawan kuma an gan ta a 2018, lokacin da He Jiankui na ƙasar Sin ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa, irin taɓawar da za ta bi zuriyarsu. Ɗaurin shekara uku ya sha. Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2020 kan fasahar, daga almakashinsu aka samo abin da aka yi duka ayyukan biyu da shi.

Ɗan Kuru: Ku yi haƙuri, manomi ya iso a makare, daga gonar dankali nake. Anti Nas, tiyata ta yi kyau a asibiti, amma kalmar nan ba ta masu asibiti ba ce su kaɗai. In je Bokkos in ce wa manoma an yi wa dankali tiyata? Sai an yi mako ana ba da labarina a kasuwar Farin Gada. Mu a gona abu uku muke buƙatar rabawa, kuma biyu muna da sunansu tuntuni. Akwai aure, kamar mangwaro mai aure ko masarar da aka haɗa iri biyu. Akwai wanda ake ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta daban a sa a shuka, kamar waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, wanda aka sa masa ƙwayar gadon wata bakteriyar ƙasa don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso. Wannan dashe ne, dashen ƙwayar gado, kamar dashen tumatir ko dashen ƙoda. Na ukun shi ne naku, inda ba a kawo baƙo ba, na gida aka taɓa. Shi kam gyara ya dace da shi. Yanzu duk ukun "iri mai sauyin halitta" ake ce musu, har wasu na gudun irin aure da kakanninsu suka shuka.

Mai Fassara: Kai, Allah ya saka. Na zo neman kalma ɗaya na tashi da huɗu. Ga inda na tsaya. Sel ta riƙe ƙwayar halitta, jin ya zama ƙwayar gado, na wake ya zama dashen ƙwayar gado. Babban sunan kuma zan bi tela da Ɗan Kuru, gyaran ƙwayar gado, don shi ne zai shiga asibiti ya shiga gona. Amma Anti, ba zan bar kalmar ta fita ita kaɗai ba. Ga yadda na rubuta farkon shirin:

"Likitoci sun fara magance sikila ta hanyar gyaran ƙwayar gado. Aiki ne mai nauyi kamar babbar tiyata, ana yin sa ne a kan ƙwayoyin jinin maras lafiya kawai, kuma wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa sikila kamar da."

Anti Nas: Cire "magance", sa "sauƙaƙa wa masu", tunda ba a daɗe da fara bibiyar waɗanda aka yi wa ba. Sauran na yarda, duk da har yanzu tiyatata ta fi mini. Ƙarfe nawa shirin? Zan sa a kunna mana a ɗakin yara.

Mai Fassara: Na gyara, Anti. Bayan la'asar ne. Baba Malam, tuntuɓen alƙalaminka na ajiye shi sai mako mai zuwa, da likita zai shigo mu ji ko bakinsa zai ɗauka.