Masu gidan kallo ku ba ni shawara: in riƙe daren La Liga ko in koma Talata da Laraba kawai?

Baban Walid:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, shekara huɗu ke nan, benci goma sha huɗu, talabijin biyu, janareta ɗaya. Unguwar ta rabu biyu, 'yan Madrid da 'yan Barcelona. 'Yan Firimiya kuwa akwai wani babban gida a bakin titi da ya riga ya kwashe su. Abin da na lura shi ne, 'yan Barcelona duk mako suna nan ko da Getafe za a buga, amma ba sa wuce mutum ashirin da 'yan kai. 'Yan Madrid sai ka yi mako uku ba ka ga ƙeyarsu ba, ranar Zakarun Turai kuma su cika ɗaki har da na tsaye. Naira 200 nake karɓa, kuma daren La Liga da ƙyar nake mayar da kuɗin mai. Ina tunanin in rufe ƙarshen mako sai ranar El Clasico, wato karawar Madrid da Barcelona, in riƙa buɗewa Talata da Laraba, ranakun Zakarun Turai, a kan 300. Abin da ke damuna, masu zuwa kullum ɗin nan su ne suka riƙe ni lokacin da ba ni da kowa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa min yadda ya ƙare. Don Allah kada a ce min sola, ba ni da kuɗinta yanzu.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Sa sola kawai ka huta, ni tun da na saka ban ƙara waiwayar gidan mai ba.

Hala Madrid 15:
Ba rashin so ne ke hana mu zuwa ba, Baban Walid, mun san inda kofi yake ne. Madrid ta ɗauki Zakarun Turai sau 15, Barcelona sau 5. A 2018 mun ƙare na uku a La Liga, Barcelona ta ba mu tazarar maki 17, amma muka je Kiev muka doke Liverpool 3-1, kofi na uku a jere. Yau wa ke tuna maki 17 ɗin? A 2000 ma na biyar muka yi a gida, muka ɗauki kofin Turai. Haka ƙungiyar take, haka mu ma muke. Bi daren Laraba.

Malam Na Tsakiya:
Ɗan'uwa, wannan hujjar taka ita ce ma hatsarin. La Liga wasa 38 ne, ko ana ci ko ba a ci sai an buga su. Zakarun Turai kuwa a sabon tsarin da aka fara a 2024, wasa takwas ne tabbas, sauran sai yadda hali ya yi. A Maris ɗin 2019 Ajax ta shiga Bernabeu ta zura wa Madrid 4-1, shi ke nan, aka tashi kasuwa. Wanda ya jingina abincin iyalinsa da wannan, me zai ci daga Maris zuwa Mayu?

Ɗan Kurna:
Kuma 200 ta yi araha. Mu nan 500 ne ranar Zakarun Turai, babu mai cewa uffan.

Auta:
500 a ina? Yaya, a unguwarmu 150 ne, kuma rabin mutane bashi ne. In ka ce 300 wallahi kowa waya zai koma.

Tsohon Mai Majigi:
Baban Walid, bari in ba ka labarina, sai ka auna. Shekara shida na yi ina wannan sana'a, kuma ni kaina ɗan Barcelona ne. Daga 2009 zuwa 2019 mun ɗauki La Liga sau takwas, Madrid sau biyu kacal. Gidana kullum da mutane, ba cika maƙil ba amma ana samun na cefane. Sai dai akwai abin da ke cin ranmu. Duk kofin da muka ɗauka a gida, sai 'yan Madrid su ce ai wannan kofin unguwa ne. A 2018 mun ci La Liga da Copa del Rey, amma Roma ta fitar da mu 3-0 bayan mun ci 4-1, sai ya zama kamar ba mu ci komai ba. Messi da bakinsa ya yi wa magoya baya alkawari a farkon kakar da ta biyo baya cewa za su yi iya ƙoƙarinsu su dawo da kofin Turai Camp Nou.

Da muka ci Liverpool 3-0 a wasan farko na kusa da na ƙarshe a 2019, sai na ce an gama. Wasan ƙarshe a birnin Madrid za a buga, ka ga Barcelona ta ɗaga kofi a garin abokan hamayya. Na ranci kuɗi wajen surukina na sayi majigi, na ƙaro benci, na yi wa rumfa sabon kwano, duk don daren 1 ga Yuni. Ranar wasa na biyu, 7 ga Mayu, farkon azumi ne, mutane suna shan ruwa suka fara tururuwa. Ban taɓa ganin cika irin ta ranar ba, domin 'yan Madrid da aka riga aka fitar duk sun zo, ba don komai ba sai su ga faɗuwarmu. Origi ya ci, Wijnaldum ya ci biyu, da aka yi wannan kwanar ta sauri Origi ya ƙara ta huɗu, sai wani ya hau benci yana yi wa yaranmu gwalo. Kafin in taso daga bakin ƙofa benci ya tashi sama. Majigin da ko kwana bakwai bai yi ba ya tarwatse, talabijin ɗaya ta fashe, aka fasa wa wani yaro kai. Ni na biya kuɗin ɗinki. Washegari mai unguwa ya kira ni ya ce a cikin azumi ake wannan, a rufe. Mai fili ya ce in kwashe kayana. Babur ɗina na sayar na biya surukina, har yau ba ma gaisawa yadda muke yi a da. Shekara shida na La Liga ba a taɓa fasa min ko kwan fitila ba. Dare ɗaya na Turai ya raba ni da sana'a.

Baban Walid:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Jikina ya yi sanyi.

Umman Yara:
Allah ya kyauta. Ni maƙwabciyar wani gidan kallo ce. Ranar La Liga ba ma sanin ana yi. Ranar Zakarun Turai kuwa sai na rufe tagogi, yara ba sa barci sai an watse. Ku riƙa tuna maƙwabta a lissafinku.

Hala Madrid 15:
Allah ya mayar maka, Baba, amma laifin wanda ya jefa benci ne, ba laifin gasa ba. Kuma da ka jira ka gani. Ba a sayen majigi da alkawarin Barcelona.

Auta:
Gara ma da aka rufe maka kafin 2020, Baba, da ranar da Bayern Munich ta ci Barcelona 8-2 har kwanon rumfar za su cire.

Tsohon Mai Majigi:
Yaro, ka yi dariyarka. Ranar da ka ci bashi ka zuba a sana'a za ka gane.

Ɗan Kurna:
Matsalar ita ce ba ka da tsaro a ƙofa. Ni ina ba yara biyu dubu ɗai-ɗai duk babban wasa. Majigi kuma yanzu da dubu tamanin za ka samu.

Malam Na Tsakiya:
Dubu tamanin? Wanda na tambaya kwanan nan ya haura dubu ɗari biyu. Sai dai in irin na wasan yara kake nufi, wanda in an buga ƙwallo ba ka ganin ta sai ta shiga raga.

Ɗan Kurna:
Malam, kai ka taɓa buɗe gidan kallo kuwa? Mu da muke ciki a bar mu mu yi magana.

Malam Na Tsakiya:
Ban taɓa ba, amma shekara goma sha biyu ina biyan kuɗin shiga, kuma kuɗin irinmu kuke ci. Kai kuma da kake ciki, mutum ya ce kada a ambaci sola, ita ka fara ambata. Baban Walid, abin da na sani shi ne hatta Zidane, da ya ci Zakarun Turai uku a jere, ya sha nuna cewa La Liga ce ta fi wuya, domin ita ce ke buƙatar ka tsaya da ƙafarka wata tara. Magoya baya ne da shugabanni suka ɗora Turai a sama. Madrid ta gina sunanta ne da kofuna biyar na farko daga 1956 zuwa 1960, shi ya sa kocinsu ko ya ci gida in ya faɗi a Turai kujerarsa na rawa. Capello ya ci La Liga a 2007, suka sallame shi bayan 'yan kwanaki.

Barca Har Abada:
A kakar 2024/25 mun haɗu da Madrid sau huɗu mun doke su sau huɗu: 4-0, 5-2, 3-2, 4-3. La Liga, Copa del Rey, Super Cup duk namu. Amma da Inter ta cire mu 7-6 jimilla, a majalisarmu sai ka ce mu ne muka tashi hannu rabbana. Ni wannan rashin adalcin ne ke ba ni haushi. Baban Walid, in ka rufe mana ƙofa ranar Asabar, ka sani ranar Laraba ma ba za mu zo ba. Mutum inda ya saba zama nan yake zuwa.

Sai Masu Gida:
Duk kuna ta faɗa a kan Sifaniya, ga irin wannan ciwon a gidanmu. Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, sannan uku a jere, 2012, 2013, 2014. Me muka yi da su a Afirka? Sau ɗaya muka yi abin kirki, a 2009, muka fitar da Al Ahly muka kai kusa da na ƙarshe, Heartland ta tare mu. Bayan nan AS Vita ta cire mu tun a zagayen share fage a 2014, a 2015 Moghreb Tetouan ta zura mana huɗu a Maroko. Enyimba kuwa ta ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004, kuma har yau da shi suke mana gori. Ni na tsaya a filin Sani Abacha ana murnar kofin gida, amma a raina na san ba mu shirya wa waje ba. Ana cin kofi sai manyan 'yan wasa su watse, a tafi Afirka da sababbin fuskoki.

Auta:
To Yaya, wace tasha ke nuna Pillars da Baban Walid zai saka? Sai dai ya kunna rediyo ya karɓi 200.

Sai Masu Gida:
Abin da ke min ciwo ke nan. Yaro a unguwarmu zai lissafa maka 'yan benci na Getafe, amma bai san mai tsaron ragar garinsu ba. Ko an nuna wasan gida ma, ƙarfe huɗu na yamma ne, kyamara ɗaya, hoto na yankewa.

Ɗan Kurna:
Ba kyamara ba ce matsala, alƙalanci ne. Wa zai biya kuɗi ya kalli wasan da ya san mai gida ne zai ci?

Sai Masu Gida:
Wannan tsohon zance ne, yanzu ana cin wasa a waje. Yaushe rabonka da shiga fili?

Baban Walid:
Jama'a na gode, amma har yanzu ban ji wanda ya gwada rufe ƙarshen mako ba. Jibi wata zai ƙare, dole in biya kuɗin tasha ko in bari. Alhaji mai majigi, in da hali ina so mu yi magana ta waya.

Ɗan Kurna:
Rabona da fili tun ranar da aka jefe ni da robar ruwa a bayan raga. Bari in ba ku labarin.