Gonar da mijina ya gada da takardun bayi da muka tarar a akwati

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana biyu ko barcin kirki ba na samu. Ina aure a Amurka, mijina Bature ne ɗan jihar Virginia, ya musulunta tun kafin mu haɗu. Mahaifiyarsa da farko ba ta so auren ba, ko ɗaurin aure ba ta zo ba, sai da na haifi Hanifa ta sauko. Daga baya ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Da ciwo ya kwantar da ita ni na yi jinyarta, ni ke kai ta asibiti, ni ke kwana da ita. Ƙanwar mijina tana wata jiha, sai dai waya, yayansa kuwa in ya leƙo ko zama ba ya yi. Ta rasu bara, ta bar musu tsohon gida da gona.

Muna kwashe kayanta muka tarar da akwati cike da takardu. A ciki akwai wasiyyar wani kakan kakansu ta shekarun 1840, da lissafin dukiyarsa bayan ya mutu. Gonar taba ce a lokacin. An jera dawakai, garma, gadaje, tukwane, sai kuma mutane, kowa da suna ɗaya tak da kuɗinsa a gefe. Akwai wata mata da jaririnta a layi ɗaya, ɗanta mai shekara bakwai kuma an sa shi a kason 'yar mamacin da ke aure a wata gunduma. A wasiyyar an rubuta an ba da matar "da duk abin da za ta haifa nan gaba". Hanifa ma shekararta bakwai, wallahi na kasa ci gaba da karantawa.

Yanzu wata dattijuwa baƙar fata ta aiko da wasiƙa, ta ce kakanninta suna binne a bayan gonar, inda wasu duwatsu marasa rubutu suke a ƙarƙashin itatuwa. Tana son ta zo ziyara, tana son ganin takardu in akwai. Yayan mijina ya ce kada wanda ya amsa mata, domin yana son a sayar wa masu gina gidaje. Shin gonar nan halak ce gare mu? Me zan yi da wasiƙar?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga maganar bayi, surukar taki ta musulunta? Hadisin Usama ɗan Zaid yana cikin Bukhari da Muslim, Musulmi ba ya gadon wanda ba Musulmi ba. In haka ne ai magana ta ƙare tun daga nan.

Maman Hanifa: Ba ta musulunta ba, Malam, amma wasiyya ta rubuta da sunan su ukun, ba rabon gado aka yi ba. Kuma ba kwaɗayi ya kai mu ba, mu ne muka wahala da ita.

Baban Khalifa: Ƙanwata, ki saurare ni, na daɗe a ƙasar nan kuma na ga irin wannan. Kina ɗora wa kanki kayan da ba naki ba. Abin da kika gani a takardar nan haka yake a kusan kowace tsohuwar kotun gunduma a kudancin Amurka. Tun 1662 Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, shi ya sa kika ga an ba da matar har da cikin da ba ta ɗauka ba. A wancan zamanin, in mai gida ya mutu, kotu ke naɗa mutanen da za su yi wa bayi kuɗi, a kasa su kashi-kashi daidai yawan magada, wani lokaci a yi ƙuri'a, wanda kasonsa ya fi tsada ya cika wa saura da kuɗi. Matar mamaci tana riƙe sulusi iya rayuwarta, in ta mutu a sake rabawa. In akwai bashi a kai wasu kasuwar bayi ta birnin Richmond, daga can sai ta birnin New Orleans. Shi kansa George Washington, shugaban Amurka na farko, a 1799 akwai bayi 317 a gonarsa ta Mount Vernon, 123 ne nasa, su ya 'yanta a wasiyyarsa. Wasu 153 na gidan mijin matarsa na farko ne, ba shi da ikon sakin su, da ta rasu a 1802 aka raba su tsakanin jikokinta huɗu, alhali bayin nan sun yi auratayya da waɗanda aka 'yanta. To shugaban ƙasa ke nan. An soke bauta a 1865, ba wanda zai zo yau ya ƙwace gonarku da takardar 1840. Ku sayar, ku karɓi kasonku, ki fitar da sadaka mai kauri, ki yi barcinki.

Anti Larai: Ni dai kalmar "yayan miji" na gani gabana ya faɗi. Haka ƙanin babanmu ya yi mana, ya ce zai riƙe gona har mu girma, mun girma mun yi jikoki gona tana hannun 'ya'yansa. Duk wanda ya ce kada a nuna takarda, to akwai abin da yake ɓoyewa. Har yau in na tuna mahaifiyarmu tana kuka a zauren mutumin nan sai in ji zuciyata ta yi baƙi. Kada ki yarda da shi ko na minti ɗaya.

Ummu Yasir: Abu Sumayya, a yi hattara da yanke hukunci. An ruwaito Mu'azu ɗan Jabal da Mu'awiya sun halatta Musulmi ya gaji danginsa da ba Musulmi ba, kuma wasiyya babinta daban ne. A kai wa malamin da ya san zaman ƙasar. Amma Maman Hanifa, duk bayanin nan ba ki faɗa mana me mijin naki ya ce ba. Gonar tasa ce ai.

Maman Hanifa: Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya karanta ya mayar cikin akwati. Ni na san halinsa, ba ya son rigima da yayansa tun suna yara, kuma ba zan tsaya jiran sai ya yi magana ba alhali baiwar Allah tana can tana jiran amsa. Na riga na ɗauki hoton takardun duka a wayata.

Baban Khalifa: Kin gani ko? Nan za ki ja wa aurenki. Ke ba magajiya ba ce, sunanki ba ya cikin wasiyya. Kuma ki sani, in mutum uku suka mallaki fili tare, kowanne cikinsu yana iya zuwa kotu ya nemi a raba ko a sayar. Yayan nan ba ya buƙatar yardarku kafin ya shigar da ƙara. Lauyoyi su cinye rabin kuɗin, ke kuma a ce baƙuwa ta raba 'yan'uwa.

Sadiya Ɗaliba: Baba, da girmamawa, ka tsallake dattijuwar gaba ɗaya. Ni tarihi nake karantawa a nan, kuma takardar da ke wayar Anti Maman Hanifa ita ce abin da mutane ke shekaru suna nema. Ƙidayar bayi ta 1850 da ta 1860 sunan ubangida take kawowa, bayin kuwa sai shekaru da jinsi da launi. Sai a ƙidayar 1870 yawancinsu suka fara fitowa da cikakken suna. Wasiyya da lissafin gado su ne ke haɗa mutum da uwarsa kafin wannan shekarar. A Virginia akwai kuma rajistar haihuwa daga 1853 da ta ma'auratan da aka 'yanta ta 1866, in aka haɗa da takardarku wataƙila a gano inda yaron nan ya ƙare. Sannan dokar jihar ta ba zuriya damar ziyartar kabarin danginsu ko da a filin wani yake, in sun sanar da mai filin. Ba alfarma matar ke roƙo ba. Anti, ki sa mijinki ya amsa mata da hannunsa, a kira mai awon fili ya shata maƙabartar a takarda kafin a yi maganar ciniki. Tsohuwar wasiyyar ma da wuya a ce babu kwafinta a kotun gundumar, ɓoyewar yayan ba ta da amfani.

Baban Khalifa: 'Yata, karatu daban, zaman duniya daban. Ranar da aka shata kabari a takarda, ranar masu gini za su rage kuɗi ko su janye. Wa zai biya asarar? Ke?

Malam Tanimu: Ni abin da ya dame ni, kowa na cewa sadaka. Sadaka ga wa? Gumin bayin nan ne ya share dajin, ya biya harajin gonar, ya sa ta kai hannun jikoki. A 1862 da aka 'yanta bayin birnin Washington, iyayengiji aka biya diyya har dala 300 kan kowane mutum, ba waɗanda suka yi noman ba. In da hali a yanka wa zuriyarsu wani abu daga kason mijinki, a kira shi haƙƙi. Mu ma kada mu yi kamar ba mu san bauta ba, ni an taɓa hana ni aure saboda asalin kakata, har yau ban manta da wanda ya faɗa ba.

Maman Hanifa: Malam Tanimu, ba za mu iya ba da fili ba, da kason nan muke sa ran biyan bashin gidan da muke ciki. Ba wai ban damu ba ne, da ban damu ba ai ba zan kawo maganar nan ba. Sadiya, shi ba zai rubuta ba, na sani. Ina tunanin in tura mata hotunan ta imel ba tare da na sa sunana ba.

Ummu Yasir: A ɓoye? In ta zo da hotunan a hannu, yayan zai tambayi wa ya ba ta, mutum nawa ne suka buɗe akwatin?

Anti Larai: Ki tura kawai. Mu da muka yi ta kawaici me muka samu?

Abu Sumayya: Har yanzu ba a amsa mini ba, wasiyyar ta wuce sulusi ko ba ta wuce ba?

Baban Khalifa: Na faɗi nawa. Ki goge hotunan nan.

Maman Hanifa: Ba zan goge ba, Baba. Yayan ya kira ɗazu, ya ce mai sayen zai zo duba gona ranar Asabar. Sadiya, in an shata maƙabartar, dole sai su ukun sun sa hannu, ko mijina shi kaɗai ya isa?