Neman kalmar Hausa: abin da ke tara kwantsa a ido lokacin barci

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan ɗauki shirin rediyo a kan dalilin da ya sa mutum ke farkawa da busasshen abu a gefen idonsa, kuma kalmomi biyu sun gagare ni: "tear film" da "meibomian glands". Na farko shi ne siririn ruwan da ke lulluɓe ido a koyaushe, mai hawa uku: yauƙi a ƙasa, ruwa a tsakiya, maiƙo a sama. Na biyu kuwa su ne ƙananan gaɓoɓin da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido, masu fitar da wannan maiƙon. Ina roƙon taimakonku kafin dare.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Shi busasshen abin ba ya buƙatar ƙirƙira, sunansa kwantsa. Na farkon kuwa ina ganin "yanar hawaye" ta dace, domin yana ita ce abin da ke kwanciya a saman ruwa.

Likitan ido: Malama, ina roƙon a guji wannan, domin mai sauraro zai ɗauka yanar ido ake nufi, wadda cuta ce da ke rufe gani, alhali abin da ake magana a kai alamar lafiya ce. Na fi son "shimfiɗar hawaye", saboda ƙiftawa ce ke shimfiɗa shi. A farke mutum yana ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti, kuma kowace ƙiftawa tana share ƙura da matattun ƙwayoyin fata da ragowar maiƙo, ta tura su kusurwar da ke kusa da hanci, inda wasu ƙananan ramuka ke zuƙe hawayen zuwa cikin hanci. Idan barci ya zo ƙiftawa ta tsaya, hawaye ya ragu, sai tarkacen ya taru a wannan kusurwa, ruwansa ya ƙafe, maiƙon ya daskare. Shi ya sa wata kwantsar take ɓarɓashi, wata kuma take danƙo, gwargwadon ruwan da ya rage a cikinta.

Tsohon mai fassara: Gaɓoɓin nan sunansu "matatsar maiƙo", kuma na daɗe ina kiransu haka. Daga tatsa ne, kamar yadda aka samu mahauta daga fawa, majema daga jima. Tun da Likita ya ce ƙiftawa ce ke aikin, to, ai matsa su take yi maiƙon ya fito, wato tatsa ke nan.

Wani mai gabatar da shiri: Baba, matatsa ta yi, amma ni kwantsa ce ba ta kwanta mini ba. Kalma ce mai nauyi a kunne, kuma da ita ake goranta wa wanda bai wanke fuska ba. A rediyo "dattin ido" ya fi kamala.

Tsohon mai fassara: Ɗana, wannan shi ne ciwon da ke damunmu. Kalmar da kowace uwa ta sani ake jin kunyarta, a koma kwatance mai faɗi wanda ya haɗa har da ƙurar da iska ta watsa wa mutum. Harshen da ke ƙyamar kalmominsa ba zai iya ɗaukar ilimin likitanci ba. Haka kuma ban ga dalilin jingina wa gaɓar da Allah ya halitta sunan wani Bature ba.

Likitan ido: Baba, a kan kwantsa ina tare da kai, domin "datti" zai sa mutane su zaci ƙazanta ce, su riƙa murje ido da ƙarfi, alhali tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sun wadatar. A kan sunan kuwa na saɓa maka. Heinrich Meibom likita ne Bajamushe da ya bayyana waɗannan gaɓoɓi a 1666, kuma ɗalibin da bai taɓa jin sunan ba zai rasa su idan ya buɗe littafi. Akwai kusan 30 a fatar sama, ƙasa da haka kaɗan a ta ƙasa. Muhimmin abin da shirin ya kamata ya bambance shi ne kwantsar safiya da kwantsar ciwo: idan ta yi yawa, ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ta liƙe ido, ga ja ko zafi ko dushewar gani, asibiti ya kamata a nufa.

Malamar Hausa: Na janye yana, amma shimfiɗa ma tana kai tunani ga tabarma. "Lulluɓin hawaye" fa?

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Zan ce kwantsa, zan ce matatsar maiƙo, in ambaci Meibom sau ɗaya a farko. Ɗayar kuma zan yi amfani da shimfiɗar hawaye a gobe, mu ci gaba da duba lulluɓi.

Tsohon mai fassara: Sau ɗayan ma ban so ba, amma tun da matatsa ta shiga, ba zan hana ba.