Neman shawara: wace mazahabar adabi ta dace da waƙoƙin fadar Maradi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ni ɗan Maradi ne, ina karatun adabi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma ina shirin rubuta kundina a kan waƙoƙin fada da kirarin sarakunanmu. An umarce ni da in ɗora aikin bisa mazahaba guda, amma waɗanda muka fi karantawa su ne Barthes da Genette, masu bin diddigin tsarin rubutu, kuma ban ga inda kotso da 'yan amshi za su shiga ba. Abin da ya fi damuna shi ne, duk waƙar da na ɗauko sai in tarar da siyasa a cikinta. Shin in kauce mata ne?

Wani malamin lise (sakandare) daga Tibiri: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka kauce, domin asalin garin Maradi kansa siyasa ne. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi hijira, Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Abin da marubutan Sakkwato suka rubuta a matsayin nasara, maroƙinmu yana tuna shi a matsayin gadon da aka ƙwace, kuma wannan saɓanin shi ne zuciyar aikinka. Tambayar da masanin adabi Edward Said ya yi wa rubutun Turawa a littafinsa Orientalism na 1978, wato wa ke ba da labarin wa kuma da wane iko, za ta yi maka amfani ƙwarai.

Wata malama mai nazarin Hausa: Ƙanena, na yarda da Malam, sai dai ina tsoron ka ɗauko riga daga waje ka tilasta wa waƙa sanya ta. Ka fara naɗar waƙoƙin daga bakin masu su, ka rubuta su da Hausar Maradi yadda aka furta, ka tambayi dattawa wanda ake yi wa habaici a kowane ɗa (wato baiti) na waƙar, don mai zambo ba kasafai yake kama suna ba. Sannan ka nemi ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero a kan waƙar baka, inda turke (wato jigon waƙa) da salo da amshi suke da gurbinsu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Hutun nan zan fara da makaɗan fada, in Allah ya yarda. Malam, ko akwai dattijon da zan iya gani a Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, don jin ɓangaren Gobirawa?