Wace kalma za mu ba fashewar taurarin farko?

Daga wani malamin kimiyya a Birni, Damagaram:
Assalamu alaikum. Ina shirya darasi da Hausa, sai na ci karo da kalmar "supernova", wato tauraron da ya tarwatse da haske mai tsanani, wadda Faransanci ma aronta ya yi. Asalinta daga Latin ne, inda "nova" ke nufin sabuwa, domin lokacin da masanin taurari Tycho Brahe ya ga wani haske ya bayyana a sama a shekarar 1572, ya ɗauka sabon tauraro aka haifa. Alhali kuwa ajalin tauraro ne. Saboda haka ban yarda da "sabon tauraro" ba, kada mu gaji kuskuren da masu kalmar suka riga suka gane.

Amsar wata malamar Hausa daga Zango:
Malam, ina ganin "mutuwar tauraro" ta fi taushi a kunne.

Malamin:
Malama, taushi kam akwai, amma ba kowane tauraro ne ke mutuwa da fashewa ba. Ranarmu, alal misali, kumbura za ta yi sannan ta dushe a hankali. Na fi son "fashewar tauraro". Inda na tsaya cak shi ne taurarin da suka fara samuwa, waɗanda masana ke kira rukuni na uku duk da cewa su ne na farko, tun sararin samaniya, mai shekara kusan biliyan 13.8 a yau, bai wuce ƴan miliyoyin shekaru ɗari ba. Iskar haidurojin da ta hiliyom kawai suka ƙunsa, kuma fashewarsu ce ta fara watsa ƙarfe da iskar da muke shaƙa. Su ne madubin hangen sararin samaniya na James Webb, da aka harba a Disambar 2021, yake farauta. Na yi tunanin "taurarin fari", kamar ɗan fari.

Malamar:
A nan kam sai na ja maka birki, Malam. A ƙasar Damagaram, wanda ya ji "taurarin fari" zai zaci taurarin da ke hana ruwan sama ake nufi, wani kuma ya ɗauka launi ne. Ka bar su "taurarin farko", ka ajiye "rukuni na uku" don masu jarrabawa.

Malamin:
Na karɓa, Malama. A allo gobe zan rubuta "fashewar taurarin farko".