Bindigar magnum don harsashi mai nauyi: wacce kuka ɗauka, me kuka gani?

Bakano a Teksas:
Assalamu alaikum. Shekara biyar ke nan ina harbin farantin ƙarfe da bindiga mai harsashin .308 a wani filin harbi da ke bayan gari, kuma har yadi 700 ba ni da ƙorafi. Daga nan zuwa 1000 ne iska ke mai da ni abin dariya. In saita, in ja kunama, sai in hango ƙura ta tashi taku biyu daga farantin. Ina so in koma magnum, wato bindiga mai harsashin da ke cin garin albarushi da yawa, in riƙa harba kawunan harsashi masu nauyi, giren 210 zuwa 230 (giren shi ne ma'aunin nauyinsu). Hankalina ya rabu uku: .300 Win Mag, .300 PRC, ko .300 Norma. Takardun talla na karanta har na gaji. Wanda ya riƙe ɗaya a hannunsa, don Allah ya gaya mini abin da ya same shi.

Dattijon Kolorado:
Wa alaikumus salam, ɗana. Win Mag ce a hannuna tun gashina bai yi fari ba, da ita nake hawa dutse farautar elk, wata irin babbar barewa, duk Oktoba. Da giren 180 ba ta taɓa ba ni kunya ba. Rigima ta fara ne ranar da na yi kwaɗayin giren 215.

Ka ga, an fitar da ita a 1963, lokacin da dogayen kawunan nan masu tsini kamar allura ba su shigo ba. Tsawon harsashin gaba ɗaya inci 3.340 aka ƙayyade masa, gidan harsashin yawancin bindigogin shago ma a kan haka aka yanka shi. To kan harsashi mai nauyi a wannan kauri ba faɗi yake ƙarawa ba, tsawo yake ƙarawa. In kana so ya shiga gidan, dole ka danna shi can cikin kwanso, ya je ya zauna inda garin albarushi ya kamata ya zauna. In ka bar shi a waje yadda yake so, sai ya ƙi shiga. Na yi kaka biyu ina ɗura ɗaya-ɗaya da hannu, kamar mai bindigar toka. A kan tebur ba komai. A kan dutse da sanyin asuba, yatsu sun ƙage, dabba ta tsaya tana kallonka, wannan ba wasa ba ne. Ƙarshe sai da maƙerin bindiga ya sa mini gida mai tsawo ya kuma zurfafa maƙogwaron bututun, wato wurin da kan harsashi ke zama a farkon bututun. Kuɗin da na ba shi ya kusa sayen wata sabuwa.

Ɗan Zazzau, Wayomin:
Baba, abin da ka biya maƙeri ya yi maka, shi ne aka haifi .300 PRC da shi. Kamfanin Hornady ya fitar da ita a 2018 daga kwanson .375 Ruger, tsawonta inci 3.700, murɗin cikin bututu, wanda ke sa kan harsashi juyawa, zagaye ɗaya a kusan inci 8. Giren 225 na kwalin kamfani yana fita da gudun ƙafa 2,810 a daƙiƙa, ba sai ka taɓa komai ba. Tawa tun ranar farko ta buga faranti a 1000, iskar da take ture .308 ɗina kuwa da ƙyar take samun rabi da ɗoriya a kanta.

Amma bari in faɗi gaskiya kada a ce na zo talla. A 2021 na saye ta, daidai lokacin da harsashi ya yi ɓatan dabo a ƙasar nan. Wata bakwai tana jingine a akwati da kwali biyu kacal. Na ce bari in riƙa haɗa harsashin da kaina, sai firaima ta magnum, ɗan maɓallin nan na gindin kwanso da ke kunna gari, ita ma ta ɓace. Sannan akwai shekarar da jakata ta maƙale a filin jirgi ana jibi farauta. Na shiga shagon wani ƙauye, kanta cike da .30-06, 7mm Rem Mag da Win Mag. Na ambaci PRC, tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce in ƙara maimaitawa. Da bindigar aro na yi wannan farautar. Yanzu dai an fi samunta.

Dattijon Kolorado:
Ka ji ko? Tsohuwar zuma.

Ɗan Zazzau, Wayomin:
Tsohuwar zuma mai ɗamara, Baba. Ɗamarar nan ta gindin kwanso gado ce daga .375 H&H ta 1912, ba ta ƙara mata ƙarfin komai.

Dattijon Kolorado:
Ba ta rage mata ba kuma. Sojan Amurka sun yi shekaru suna harba giren 220 daga cikinta, ba su ce ɗamara ta hana su barci ba.

Maman Biyu, Albata:
Ku bar faɗan ɗamara, ku ji nawa, don ni ba talatin nake harbawa ba irin .300 ɗin nan naku, bakwai ce, mai kaurin milimita 7. Maigidana ya bar mini tsohuwar 7mm Rem Mag ɗinsa, murɗinta zagaye ɗaya a inci 9.5. Na sayi kawuna giren 195 saboda na ga lambar da ke nuna yadda suke ratsa iska, ban tsaya na karanta murɗin da aka rubuta a jikin kwalin ba. Da rani a nan tudu, iska sakayau, sun yi kyau har na fara cika baki. Da hunturu muka sauka wajen dangi a bakin teku, na harba takarda a yadi 100, na je dubawa sai na ga ramukan ba zagayayyu ba ne, sun ɗan miƙe kamar ƙwai. Kan yana isa takarda a karkace. Iska mai sanyi a ƙasa-ƙasa ta fi kauri, juyin da bututun yake ba shi bai ishe shi ya tsaya cak ba. Kamar katantanwar yara ce, in ba a murza ta da kyau ba sai ta yi ta layi.

Na koma giren 168 na zauna lafiya. Da zan sake saye yau, 7 PRC zan duba, wadda ta fito a 2022 da murɗin inci 8, an yi ta don giren 175 da 180. Malam Bakano, ka tabbata sai talatin? Faranti bai san kaurin abin da ya buge shi ba, kafaɗarka ce za ta sani.

Likitan Dare:
Maganar kafaɗa ce ta fito da ni. Ni na tsallake duk waɗannan na sayi .338 Lapua, don a lokacin gani nake babba ita ce babba. Giren 300. Wata uku da fara harba ta, harbina ya lalace har da ƙaramar bindiga. Wani abokina ya karɓi gidan harsashin ya juya baya ya cusa na bogi ɗaya a tsakiya, ban san wanne ba ne. Da na zo kansa na ja kunama, ba ƙara ba komai, amma bakin bindigar ya yi ƙasa, idona a rufe ruf. Ashe tun kafin ta tashi nake gudun shurinta. Kunya ta ishe ni. Na sa birkin baki, ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bakin bututu, shurin ya ragu sosai, sai maƙwabtan tebur suka fara tattara kayansu in na zauna saboda ƙararsa. Ga tsada: duk jan kunama kamar ka jefa kuɗin abincin rana a rijiya, don haka ba na yawan atisaye, wanda kuwa ba ya atisaye ba zai iya karatun iska ba ko da igwa aka ba shi.

Norma ɗin da kake tunani, ka sani faɗin gindinta irin na Lapua ne, sai bindiga mai babbar gangar jiki, ba za ta zauna a irin ta Win Mag ba. Dakarun musamman na Amurka sun ɗauke ta a bindigar Barrett MRAD a 2019, shi ya sa sunanta ya yi tashe. Su ba daga aljihunsu suke sauya bututu ba.

Ɗan Zazzau, Wayomin:
Bututu kam. Wani da muke harbi tare ya cinye maƙogwaron magnum ɗinsa kafin ya cika harbi 900, kuma laifinsa ne, goma-goma yake saki a jere da tsakar rana har ba a iya taɓa ƙarfen. Da muka leƙa da ɗan madubi, ciki ya tsattsage kamar ƙasan tafki a watan bazara. Ni uku nake harbawa in tashi in sha shayi.

Injiniya a Namibiya:
Abu ɗaya zan ƙara ga masu farauta. Na je gonar farauta da kawunan gasa masu nauyi, ina taƙamar zan kai mita 700. Mai jagorar ya juya harsashin a tafin hannunsa ya ce na takarda ne wannan, kuma a gonarsa ba a harbin dabba a bayan mita 300. Na ji haushi a ranar. Da muka lallaɓa muka kusanci mariri, na ga yadda iska ke juyawa sau biyu tsakanina da shi a cikin kwari ɗaya, sai haushin ya tafi. Harsashinsa na farauta giren 180 ya ba ni, harbi ɗaya ya isa.

Bakano a Teksas:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Norma ta fita, Likita ya kashe mini ita. Hajiya kuma kin jefa ni cikin wani sabon tunani, don gaskiya faranti kawai nake bugu, ban taɓa harbin abin da ke numfashi ba. Akwai mai 7 PRC da mai .300 PRC a filinmu, na roƙe su ranar Asabar kowa ya bar ni in harba biyar. Baba, in an ce in ɗauki Win Mag ta hannu mai araha, me zan fara dubawa?

Dattijon Kolorado:
Tafi da ma'auni ka auna cikin gidan harsashin. Sannan ka sa tsumma a sandar wanke bututu ya kama tam, ka yi wa sandar alama da tef, ka tura a hankali ka ga inci nawa ta shiga kafin alamar ta zagayo. In mai shagon ya hana ka, ka bar masa kayarsa.